Mu Taka Zuwa Ramukan Kwal na Enugu

    

Yau tafiya ce da mu. Kudu maso gabas za mu nufa, garin Enugu, wanda ake yi wa laƙabi da birnin kwal. Da farko za mu ji mene ne kwal ɗin, da abin da ya haɗa shi da mu. Daga nan mu gangara kwarin Iva, inda aka zubar da jinin ma'aikata. Sannan mu ɗaura takalmi mu hau duwatsun da ke kewaye da garin. A ƙarshe ina da koke, kuma da ku zan yi shi.

To, bismillah. Mu fara da kwal.

Kwal daban, gawayi daban. Gawayin da mai tsire ke fifitawa, da wanda mai wanki ke zubawa a dutsen guga, mutum ne ya sari itace ya ƙona, cikin 'yan kwanaki ya samu. Kwal kuwa a ƙarƙashin ƙasa Allah ya yi shi. Tsirrai ne da itatuwan fadama na zamanin da babu ɗan Adam a doron ƙasa. Suka faɗi cikin ruwa, laka da yashi suka binne su. Nauyi ya danne, zafi ya gasa, har suka zama baƙin dutse mai cin wuta. Masana sun ƙiyasta shekarun kwal ɗin Enugu da kimanin miliyan 70. Ku ji da kyau, miliyan 70. Abin da aka ɗauki wannan tsawon lokaci ana tarawa, shi mutane suka zo suka haƙa.

A shekarar 1909 ne wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. A 1915 aka buɗe mahaƙa ta farko. Bayan kamar shekara 2 aka koma kwarin Iva. Kafin nan babu wani birni a wurin, sai ƙauyuka, irin na mutanen Ngwo a saman tudu. Kwal ne ya haifi garin Enugu. Shi ne kuma babban dalilin kafa Fatakwal, domin Turawa na neman bakin ruwan da za su riƙa loda shi a jirgi. Zuwa 1916 an gama shimfiɗa layin dogo tsakanin garuruwan biyu, tafiyar kilomita 243.

Na san wani zai ce, to Malam, ina ruwanmu? Saurara, ɗan'uwa.

Layin nan bai tsaya a Enugu ba. Ya miƙo arewa, ya iso Makurɗi a 1924, ya bi ta Kafanchan ya haɗe da Kaduna a 1927, reshensa kuma ya haura Jos wajen masu haƙar kuza. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai. Jirgin wancan zamani ba da man dizal yake tafiya ba. Da tururi yake tafiya. A cikin kan jirgin akwai mutum tsaye da shebur, aikinsa zuba kwal a wuta. Wutar ta tafasa ruwa, tururin ya tura ƙarafa, ƙafafun jirgi su juya. Idan babu kwal, jirgi ba ya motsi.

Yanzu ka tuna dalar gyaɗa ta Kano. Ka tuna audugar Funtuwa da ta Gusau, da fatu da ƙiraga, da shanun da ake lodawa zuwa kudu. Akasarinsu a jirgi suka tafi. Wutar da ta ja su kuwa, daga cikin duwatsun Enugu aka haƙo ta. Kakanka ya noma gyaɗa a Bichi ko Gumel. Wani bawan Allah da bai taɓa ganinsa ba yana durƙushe cikin rami a Iva, yana sarar kwal ɗin da zai kai gyaɗar bakin teku. Ba su san juna ba, ba sa jin harshen juna, amma guminsu a tarago ɗaya ya haɗu. Wannan shi ne ruwanmu da Enugu. Guminsu a tarago ɗaya ya haɗu.

Masu sauraro, mu matsa gaba. Mu leƙa cikin ramin, mu ga yadda aikin yake.

Ramukan Enugu yawanci ba irin na rijiya ba ne, da ake sauka tsaye. Ta gefen tsauni ake huda ƙofa, a bi jijiyar kwal a kwance, a yi ta kutsawa ciki. Ana sara ana barin wasu sassan kwal ɗin a tsaye, su zama ginshiƙan da za su riƙe rufin. Inda rufin ke da rauni, a kafa katako a tokare.

Aikin kashi-kashi ne. Akwai masu sara, su ne riƙe da diga. Akwai masu tura ƙananan taragu na ƙarfe a kan siririn dogo. Akwai masu kafa katako, akwai masu shimfiɗa dogon. Ka ɗauka kai ne mai saran. Jijiyar kwal ɗin a wurare da yawa ba ta kai tsayinka ba, sai ka sunkuya ko ka durƙusa. Zafi kamar ya kashe ka, ruwa na ɗiga daga sama, ƙura ta cika maka hanci da maƙogwaro. Hasken da kake da shi ɗan na fitilarka ne kawai. Kunnenka kuma yana kan rufi, domin idan katako ya fara ƙara, gudu ya kama ka. A farkon lamarin ma ba kowa ya zo da son ransa ba. Turawa sun yi amfani da sarakunan da suka naɗa wajen tara musu leburori, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Onyeama na garin Eke.

Wannan ya kawo mu kashi na biyu, kuma ina roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai.

Ranar Juma'a, 18 ga Nuwamba, 1949. Ma'aikatan kwal sun daɗe suna neman haƙƙinsu, musamman wasu kuɗaɗen baya da suka ce an danne musu. Ƙungiyarsu ta ƙwadago ta shiga aikin tafiyar hawainiya. Ma'ana, ana zuwa aiki, amma a hankali ake yi, kwal ɗin da ke fita ya ragu. Hukumar mahaƙar ta mayar da martani da korar masu sara. Su kuma suka ce ba inda za su, suka yi zaman dirshan a wurin aikin.

Gwamnatin mulkin mallaka ta tsorata da abu guda, wato nakiyar fasa dutse da ke ajiye a rumbunan mahaƙar. Tana gudun kada ta faɗa hannun matasa masu zafin neman 'yanci. Sai aka tura 'yan sanda ɗauke da bindigogi su kwashe ta. Ma'aikatan Iva kuwa suka ga cewa in aka kwashe nakiya, rufe ramin za a yi, abincinsu ya ƙare. Suka taru a bakin wurin. Babban jami'in 'yan sandan, wani Bature mai suna F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi.

Mutum 21 suka mutu. Mutum 51 suka ji rauni. Zan sake faɗa. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Magidanta ne da suka fito neman abin da za su ciyar da iyali.

Labarin ya bazu. Aka yi bore a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba. 'Yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka zauna a inuwa ɗaya, suka kafa kwamitin gaggawa na ƙasa. Gwamnati ta naɗa hukumar bincike ƙarƙashin wani alƙali mai suna Fitzgerald. Hukumar ta ce jami'in ya yi kuskure wajen yanke shawara. Ni dai a wurina, kalmar kuskure ta yi wa ran mutum 21 ƙanƙanta. Shekara 11 bayan wannan rana Najeriya ta samu 'yancin kai, kuma masana tarihi na lissafa harbin Iva cikin abubuwan da suka zaburar da neman 'yancin. Yaro nawa ne a makarantunmu ya taɓa jin sunan kwarin Iva? Malamai da ke saurarena, wannan tambayar taku ce.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. A 1950 aka kafa hukumar kwal ta Najeriya. A ƙarshen shekarun 1950 aiki ya kai ƙololuwa, ana fitar da kimanin tan dubu 900 a shekara, ma'aikata kusan dubu 8. Kwal ɗin na ba da wutar lantarki a tashar Oji River, yana kuma ƙona siminti a Nkalagu. Sai aka samu man fetur a Oloibiri a 1956. Jiragen ƙasa suka koma dizal. Yaƙin basasa ya zo daga 1967 zuwa 1970, aka bar ramuka ruwa ya cika su. Daga nan masana'antar ba ta sake miƙewa ba, har ta durƙushe a farkon shekarun 2000.

Idan yanzu ka buɗe rediyonka, muna Enugu ne, muna bin sawun masu haƙar kwal. Mun iso kashi na uku, wato ziyarar kanta.

Kada ka ɗauka garin ya yi maka nisa a zuciya. Magajin garin Enugu na farko ɗan arewa ne, Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu. A can aka zaɓe shi a shekarun 1950. Har gobe akwai 'yan'uwanmu mazauna can, 'yan kasuwa da mahauta da masu kayan gwari. Ka neme su. Su za su gaya maka halin da gari ke ciki, da unguwar da za ka sauka, da ranar da ta fi dacewa a fita. Ka yi tafiyarka da rana.

Mai zuwa daga arewa ta Makurɗi da Otukpo da Obollo-Afor, zai iso mahaɗar da ake kira Ninth Mile. Direbobin manyan motoci sun san ta sarai. Daga nan akwai tsohuwar hanyar da ke gangarawa cikin gari ta tsaunin Milliken. Hanya ce mai kwana-kwana, dutse a hannu ɗaya, kwari mai zurfi a ɗayan. Idan ka samu wurin da ya dace ka tsaya, za ka hango Enugu shimfiɗe a ƙasa. Ka tsaya ɗin. Daga wannan tudu ne za ka gane garin. Ga tsaunin da kwal ke ciki, ga kwarin da aka huda, ga filin da aka kafa birni.

A cikin gari, ka nemi mutum-mutumin tunawa da ma'aikatan da aka harbe, yana tsaye a wani shataletale. Ka leƙa unguwar Coal Camp, inda leburorin farko suka zauna, wadda yau ta yi suna wajen sayar da kayan gyaran mota. Ka shiga gidan tarihi na ƙasa da ke garin. Sannan ka nemi ɗan gari ya kai ka unguwar Iva. Tsofaffin gidajen ma'aikata na nan, da mutane a ciki, wasunsu 'ya'ya da jikokin masu haƙar ne. Ka yi sallama, ka gaishe da dattawa, ka zauna ka tambaya. Abin da za ka ji daga bakinsu ya fi abin da ke rubuce.

Amma ga gargaɗi, kuma da babbar murya nake yin sa. Kada ka shiga tsohon rami. Ko an ce maka ɗan leƙawa ne kawai, kada ka shiga. Katakon da ke riƙe da rufin ya daɗe da ruɓewa. Ruwa ya kwanta a ciki, ba ka san zurfinsa ba. Mafi haɗari kuma ita ce iska. Uwargida, kin san abin da ke faruwa lokacin hunturu, idan aka shigar da kaskon gawayi ɗaki, aka rufe ƙofa da taga, aka kwanta. Babu wari, babu ƙara, sai dai da safe a ji salati. To, tsohon ramin kwal yana tara muggan iskoki masu kisa a ɓoye irin haka. Wata tana korar iskar da muke shaƙa, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wata kuma, mai suna mitan, tartsatsi kaɗan take jira ta fashe. Ka tsaya a waje. Ka ɗauki hotonka daga waje. Kuma in ka ga ruwa ja-ja mai kalar tsatsa yana fitowa daga gindin tsauni, kada ka sha, kada ka yi alwala da shi. Ruwan rami ne, ya kwaso tsami da ƙarfe.

To, yanzu a ɗaura takalmi.

Can saman tudu, a ƙasar Ngwo, akwai dajin itatuwan fain. Dogayen itatuwa ne miƙaƙƙu, an dasa su layi-layi, ganyensu siriri tsinke-tsinke. Ganyen da ya zuba ya yi wa ƙasa shimfiɗa, kana tafiya ba ka jin takunka. Iska na ratsa saman itatuwan da wata irin ƙara mai sanyaya rai. Daga cikin dajin sai hanya ta karkata ta fara gangara. Nan ne aikin yake. Gangaren na da tsauri, wani wurin sai ka kama saiwa ko ka dafa dutse. A ƙasa akwai ƙorama marar zurfi. Za ka bi ta, ruwa na wanke maka ƙafa, bangon dutse na ƙara matsowa dama da hagu. Sai ka tsinci kanka cikin kogo. Ta wata kafa a rufinsa ruwa ke zubowa, haske na biye da shi, yana faɗawa cikin ɗan tafki. Duk surutun da aka zo da shi, a nan yake ɗaukewa. Bakinka da kansa zai ce Subhanallah.

Mai sauran ƙarfi a gwiwa, akwai Awhum a ƙaramar hukumar Udi. Shi ma kogo ne da ruwa mai zubowa daga kan dutse, tsayin kamar mita 30, kuma sai an yi tafiyar ƙafa mai ɗan nisa kafin a kai. Yana kusa da gidan ibadar wasu malaman Katolika da suka keɓe kansu, kuma mutane da dama addu'a ke kai su. Wurin yana da ƙa'idojinsa na sutura da natsuwa. Ka tambaya tun daga ƙofa, ka kiyaye, kamar yadda kake so baƙo ya kiyaye naka.

Lokacin zuwa? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi, ƙasa ta bushe, ba santsi. Da damina ruwan ya fi ƙarfi da kyan gani, amma dutsen na da santsi, ƙorama kuma na iya cika ba zato. Ka fita da sassafe. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka bar silifa a masauki. Ka riƙe ruwan sha isasshe, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ka biya shi haƙƙinsa da daɗin rai. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka bar wa wani labarin inda ka nufa. Baba mai hawan jini ko ciwon gwiwa, dajin fain ɗin ya ishe ka, ka bar wa yara gangaren. Ka tuna, duk abin da ka gangara sai ka hau shi a dawowa. Ledar ruwanka da robarka kuwa, yadda ka shiga da su, haka za ka fito da su.

Masu sauraro, ga koken da na yi muku alkawari.

A ƙasar Wales ta Birtaniya akwai wani gari mai suna Blaenavon, da mahaƙar kwal da ake kira Big Pit. An daina aiki a cikinta a 1980. A 1983 aka sake buɗe ta a matsayin gidan tarihi. Shekara 3 kacal a tsakani. Yau baƙo na zuwa, a sa masa hular kwano mai fitila, a karɓe masa waya da ashana da duk abin da zai iya yin tartsatsi, a saukar da shi mita 90 cikin ƙasa. Masu yi masa jagora tun farko tsofaffin ma'aikatan ramin ne. Ana kula da rufin, ana auna iskar, shi ya sa shigar ta halatta a can. Tsofaffin hanyoyin da aka bi ana jan kwal da ƙarfe a kan duwatsun yankin sun zama hanyoyin yawon ƙafa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Jamus ma ta yi haka da mahaƙar Zollverein a birnin Essen.

Mu fa? Kwarin Iva yana da abin da zai faɗa wa duniya, wanda bai gaza na kowa ba. Amma ciyawa na cinye ƙofofin ramuka, ƙarafa na tsatsa, dattawan da suka riƙe diga da hannunsu kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Gini in ya rushe ana iya tayar da shi. Dattijo in ya tafi da labarinsa, shi ke nan.

Kuma maganar ba ta Enugu kaɗai ba ce. Ga kududdufan kuza a Filato. Ga tsofaffin tashoshin jirgi a Zariya da Kafanchan da Nguru. Yau ma ana haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gombe, ana haƙa a Anu Araren kusa da Agadas a Nijar. Waɗannan wurare su ma wata rana tarihi za su zama.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jihar Enugu da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, su killace kwarin Iva, su gyara ko da ƙofar rami ɗaya yadda za a ziyarta lafiya, su rubuta sunayen mutum 21 ɗin nan a inda kowa zai karanta. Shugabannin makarantu, in za ku fitar da ɗalibai yawon buɗe ido, ku sa Enugu a lissafi. Kai kuma matashi mai waya a hannu, in akwai tsoho a gidanku ko unguwarku da ya yi aikin reluwe, ko ya haƙi kuza, ko ya ɗauki buhun gyaɗa a dala, kada ka jira wata hukuma. Ka je wurinsa a makon nan, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka kunna rikoda.